Ɗakin da Na Ja Zuwa Madina

Mu ba ta tashar jiragen ruwa muka shigo Jidda ba. Wani mai kwalekwale ne ya kwaso mu daga gaɓar Sudan, ni da matata Sa'ade da wasu mutum goma sha, ya sauke mu a wani bakin ruwa da ko tsuntsu babu, ya nuna mana wani tudu ya ce Makka na bayansa, ya juya abinsa. Kwana uku muna taka sayyada kafin mu ga mai rai. Shi ma wani makiyayin raƙuma ne, ya dube mu ya girgiza kai, ya tatsar mana nono a akushi, sannan ya ɗora mu a hanya. Mai kwalekwalen nan kuwa na sha gwada yi masa addu'ar alheri, har yau bakina bai yarda ba.

A Karantina muka yada zango, unguwar da duk wani baƙin mutum yake fara sauka a kudancin gari, inda ake yin ɗaki da gwangwani da katakon akwati. Nan na haɗu da Usta Haruna, Bahaushen Sudan mai garejin gyaran motoci. Hausarsa rabi Larabci ce, masifarsa kuwa cikakkiya. Ya ga na iya walda tun daga gida, a tashar motar Funtuwa na koya, sai ya ɗauke ni, ya nemo mini kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini wajen hukuma, wani ɗan kwangilar hanyoyi, aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Shekara tara na yi ina ƙona ƙarfe a garejin nan. Ban iya karatu mai zurfi ba, ban iya magana a taro ba, amma idan na haɗa ƙarfe biyu sai dai su karye a wani wurin, ba inda na liƙe ba. Wannan abin ya shiga kaina fiye da kima, kuma gara in faɗa tun yanzu.

A shekara ta taran nan, cikin alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, surukata ta zo aikin Hajji. Inna muke ce mata. Sa'ade ce 'yarta ta fari, saboda haka ko ita 'yar tata ba ta sakin jiki da ita, balle ni. Inna irin mutanen da ne. Idan na shigo gida na yi gyaran murya, sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Ni kuma in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa a bayan labule in gaishe ta, ta amsa wa bango. Ba ta taɓa cin abinci ina cikin gidan ba, ko ruwa ba ta sha in ina kusa. Mu biyu muna ganin girman juna ƙwarai, kuma ta wannan hanyar kaɗai muka san ake nuna shi.

Ta yi Hajjinta lafiya. Amma ranar da ayarinsu zai wuce ziyara Madina sai ciwo ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ga tari. 'Yan ayari suka je suka dawo, suka hau jirgi suka koma gida, ita tana kwance a ɗakinmu. Da ta ɗan samu sauƙi ba ta da magana sai ta Madina. Ina jiyo ta ta bayan katako tana ce wa Sa'ade, “In zo har nan, in koma ban yi wa Manzo sallama ba? Da wane ido zan dubi mutanen gari?” Motocin haya kuwa ba za ta iya ba, don ba ta iya zaman awa guda a miƙe, sai a kwance. Ita kuma Sa'ade ta haihu ke nan, kwananta tara, tana cikin wankan jego.

Ana cikin haka aka jawo wani abu garejinmu. Larabawa na ce masa karafan. Ɗaki ne guda mai tayoyi biyu, da gado da ɗan teburi da tagogin gilashi, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Wani injiniya Bature ne ya bar shi, kafilina ya saya, yana son a kai shi sansanin ma'aikatansa da ke gaba da Madina. Sai dai an yi shi ne don lallausar kwaltar ƙasar Turawa, tayoyinsa kamar na amalanke, cikinsa na kusan shafar ƙasa. Aka ce ni zan gyara shi, ni kuma zan ja shi da wanet ɗin kafili, wato ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya.

Ina leƙawa na ga gadon nan, sai Inna ta faɗo mini a rai. Na nemi izinin kafili, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba ruwansa, in dai kayansa sun isa lafiya.

Da na kai maganar gida, Sa'ade ta fara cewa ko a kishingiɗar da Inna a gaban mota kusa da ni, a sa mata matashi. Kujera ɗaya ce a wanet, doguwa. Inna ta yi salati ta ce, “Ni? Kafaɗa da kafaɗa? Ashe kin fara zama Balarabiya ban sani ba.” Da aka yi mata bayanin ɗakin da ake ja, mai ƙofarsa daban, sai ta ce, “Wannan kam da dama-dama.”

Sati biyu na yi a kan karafan ɗin nan, ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irinsa ba. Na cire ƙarfen da ke riƙe da tayoyin na sa na wata tsohuwar motar soja, na ƙara ganyen sifirin uku-uku har ɗakin ya tashi sama. Na yanke siririn ƙarfen jan na liƙa mai kauri, na ƙara sarƙa biyu ko da ƙugiya za ta ɓalle. Da na gwada shi a hanyar Abhur sai na ga gindinsa na kaɗawa hagu da dama in na ɗan taka mota, har yana neman jan wanet ɗin. Na dawo na ɗauke duron ruwan ɗakin daga baya na mayar da shi gaba, kan ƙarfen ja, nauyi ya koma wuyansa, ya bi ni salin-alin. Na ɗaura igiya daga gefen gadon, ta bi ta wata 'yar huda har cikin mota, na rataya mata gwangwani mai tsakuwa a ciki, don in Inna na son a tsaya ta ja kawai, ba sai ta yi magana ba.

Saura tagogi. Kafili ya ce a rufe su da farantin ƙarfe, don duwatsun hanya na fasa gilashi. Na rufe. A rufin kuma akwai wata 'yar ƙofar iska mai murfi, tana ɓaɓatu in ana tafiya, ƙura na shiga ta gefenta. Na tuna tarin Inna. Na hau sama na ɗaure murfin da noti takwas, na bi gefensa da kwalta, ko tsinke ba zai shiga ba. Abin da ya rage sai wasu 'yan tsage-tsage a jikin ƙofa.

Usta Haruna ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa nan, ya taɓa can, ya ɗaga kai ya ga rufin.

Ya ce, “Ya Isuhu, shugul ɗinka, aikin nan naka, tamam ne, wallahi. Amma wannan na sama, lesh ka toshe?”

Na ce, “Ƙura, Usta. Tsohuwar tana tari.”

“Ƙura ba ta kashe mutum, ya sheh. Shi Baturen da ya yi abin nan ba ya shiga ciki in ana ja, sai an tsaya. Ka shiga da kanka, in ja ka sa'a wahida, awa guda, da rana tsaka, ka ji.”

Na ce to, gobe. Goben ta zo da wata babbar mota da ta karye a ƙofar gareji, jibi kuma ranar tafiya. Ban shiga ba. A raina ma cewa na yi Usta ya fiye son a ce shi ya fi kowa sani.

Muka tashi bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, don ban samu na haɗa wa karafan fitilun baya ba, ba halin tafiyar dare irin ta direbobin hanyar. Na koma bayan gida na tsaya har mata suka shigar da Inna suka rufe ƙofa. An sa mata salka cike da ruwa a rataye kusa da gado, da buta, da dabino da gurasa. Sa'ade ta leƙo ta bakin labule da jaririya a kafaɗa, ta ce, “Malam, ga amana nan. Ka kai ta ta gani, ka dawo mini da ita.” Na ce in Allah ya yarda.

Mun wuce Dahban lafiya. Teku na hagu, rairayi na dama, ɗakin na biye da ni a madubi, ina ta jin daɗin aikina. Mun gota Tuwal kaɗan sai na ji kamar an harba bindiga. Tayar karafan ta dama ta fashe, ɗakin ya yi wani irin tangaɗi, ya fizgi bayan wanet, na riƙe sitiyari da dukkan ƙarfina har muka gangara gefen hanya muka tsaya. Na fito a guje na durƙusa a bakin ƙofa.

“Inna, lafiya? Ba ku ji ciwo ba?”

Ta ce, “Lafiya lau. A yi a hankali dai.”

Da na duba tayar sai na ga abin da aka yi mini. Suɗaɗɗiyar taya ce, aka bi ta da wuƙa aka sake yanka mata zane, aka shafa baƙin fenti. Wani mai tsofaffin tayoyi a Jidda ya sayar mini da guda uku, yana rantsuwa da abin da zai kashe shi. Na sa ta ajiya, ita ma 'yar uwarsu ce, ba ta kai mu ko'ina ba ta sace. Sai da na tsaya a rana ina ɗaga wa motoci hannu har wani direban tankar ruwa ya tausaya, ya ɗauki tayar ya kai Rabig aka yi mata faci, ya dawo mini da ita, ko shayi ya ƙi karɓa. Kafin nan azahar ta yi ta wuce. Duk tsawon lokacin nan ɗakin na tsaye a fili, ba inuwa. Na dafa jikinsa sau ɗaya don in miƙe, na janye hannu ba shiri. Sau uku ina zuwa bakin ƙofa in tambaya, sau uku tana cewa, “Ba komai. Sannu da wahala.” Gwangwanin nan bai yi ƙara ba ko sau ɗaya.

A Rabig na sayi tayoyi na kirki. La'asar sakaliya muka isa Mastura, wani ɗan ƙauyen bakin teku da matafiya ke tsayawa cin soyayyen kifi. Na ja ɗakin bayan wata gahawa, wurin shan shayi mai gadajen igiya, inda idon maza ba ya kaiwa. Uwar mai gahawar, wata tsohuwar Balarabiyar ƙauye mai zane a haɓa, tana zaune tana gyaran kifi. Na roƙe ta ta shiga ta duba mini tsohuwata, ta taimaka mata ta fito ta sha iska. Ni kuma na koma can nesa na ba su baya.

Ba a jima ba na ji ana ƙwala mini kira da sunan da Larabawa ke kiran mutanenmu. Na waiwaya na ga matar nan ta taho tana yarfa hannu.

“Ya Takruni! Haram alek! Wannan ɗaki ne ko tanderu? Uwarka ce ka sa a ciki?”

Na ce uwar matata ce.

“To sai me? Ka sa ta a gaba kusa da kai, iska na bugun ta. Ko ka fasa mata rufin nan. Wallahi ko akuya ba na sa wa a nan.”

Na yi mata bayanin cewa mu a wurinmu suruka ba ta zama kusa da mijin 'yarta. Ta dube ni kamar na ce mata mu da ka muke tafiya. Ta koma ta jiƙa zanen Inna da ruwa, ta yi mata shimfiɗa a inuwar ɗakin, ta zauna tana yi mata fifita, suna ta hira, wannan da Larabci wannan da Hausa, ba mai jin wani. Har dariyar Inna na jiyo.

Bayan magariba na zo na durƙusa ta ɗaya gefen karafan, ɗakin na tsakaninmu, ina hango ƙafafunta kawai ta ƙarƙashi.

Na ce, “Inna, matar nan ta ce akwai zafi a ciki. Ko za ku daure gobe ku dawo gaba? Sai in kafa zane a tsakani.”

Ta ce, “A bar maganar nan.”

“To bari in hau in fasa murfin sama, iska ta riƙa shiga.”

“Kayan mutane? A ɓata wa Balarabe ɗaki saboda ni, ya kori mutum daga aiki, ga ɗanyen goyo a gida? Ni ban ce zafi ya dame ni ba. Mu da muka yi noma da azumi a baki.”

Da na so, da na hau na fasa, ba abin da za ta yi mini. Guduma da kurfi na cikin mota. Amma ta ce a'a, kuma ban saba musu da ita ba. Wannan shi ne dalilin da na riƙa ba kaina shekara da shekaru. Akwai na biyu, wanda ban cika son dubawa ba: na ji sanyi a raina da ta hana, don ba na son in lalata aikin da na yi da kyau. Na ce wa kaina gobe da wuri za mu tashi, kafin rana ta yi zafi mun isa.

Yammacin nan ta yi mini magana fiye da duk wadda ta taɓa yi mini a rayuwa, ko da yake ba da ni take yi ba, da iska take yi. Ta ce yanzu a gida an yi ruwan shuka. Ta ce ƙasar nan ko ƙanshin ƙasa ba ta da shi. Ta tambaya ko gaskiya ne Madina akwai itatuwa, na ce akwai dabinai masu yawa, kore shar. Ta ce, “To madalla. Ido ya gaji da fari.” Ni ma sai kewar gida ta taso mini, na tuna tsamiyar ƙofar gidanmu da ban gani ba shekara goma sha ɗaya, na zauna ina share hawaye a bayan taya, ina jin daɗin ba ta ganina.

Da safe Balarabiyar ta shigar da ita, ta bar mata maficinta, ta harare ni ta yi wata magana da ban so in fassara ba. Na jiƙa buhu na rataya a kan tsage-tsagen ƙofa, muka kama hanya.

Daga Mastura hanya ta rabu da teku ta nufi duwatsu. Iskar da ke shigowa ta tagar mota ta zama kamar hucin murhu. Da hantsi muka isa Badar. Buhun ya bushe ƙamas, na sake jiƙa shi, na durƙusa na yi sallama. Sai da na maimaita ta amsa, muryar can ƙasa.

“Inna, ku dai riƙa shan ruwa.”

“Ana sha. Saura nisa?”

“Mun ci fiye da rabi.”

“To a yi ta tafiya.”

Bayan Badar ne lissafina ya rushe. Hanya ta fara hawa, tana lanƙwasa tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga ƙarfen da na lafta wa ɗakin ya ƙara masa nauyi. Wanet ta koma giya ɗaya tana nishi, mai tafiya a ƙasa ma zai iya jerawa da mu. Lagireto ya tafasa sau biyu, kowane karo sai na tsaya na jira ya huce na ɗura masa ruwa daga duro. Inda na yi zaton isa da hantsi, sai ga azahar ta same ni a Musayjid, wani ɗan zango a tsakiyar duwatsu.

Na tsaya, na bar injin na aiki don ina tsoron in na kashe ba zai tashi ba. Na je bakin ƙofa na durƙusa.

“Salamu alaikum. Inna, mun iso Musayjid.”

Shiru.

Na sake yi, na ƙara ɗaga murya. Na yi ta uku. Sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, ƙasa-ƙasa, daidai gindin ƙofa, kamar an ja farce a jikin ƙarfe. Sau biyu. Na kasa kunne, bai sake ba.

Hannuna ya kai kan mariƙin ƙofar, wannan na tabbata, don har yau ina jin zafinsa a tafina. Sai na tuna matar jiya ta jiƙa mata zane. Na ce watakila ta tuɓe mayafi saboda zafi, watakila barci take, watakila salla take a kwance. Ta yaya zan buɗe ƙofa in faɗa wa surukata a haka? Da wane ido za ta sake dubana? Na duba ko akwai mace a zangon, babu, sai direbobi uku suna barci a kan gadajen igiya. Na ce wa kaina ai ƙarfe na yin irin wannan ƙarar in ya sha rana, ni da nake aikinsa na fi kowa sani. Na saki mariƙin, na ce, “Allah ya ƙara sauƙi, Inna, mun kusa,” na koma mota na ja.

Akwai wani tudu kafin Bir Ali inda matafiya ke tsayawa, don daga nan ake fara hango Madina. La'asar ta yi muka hau shi. Ga dabinai can ƙasa, ga hasumiyoyi. Na fito, na yi sallama sau ɗaya, ban jira ba na buɗe.

Zafin da ya fito ya bugi fuskata sai da na ja da baya. Ba a kan gado take ba. Tana kwance a ƙasa, kanta daf da ƙofa, inda 'yan tsage-tsagen nan suke. Ta sa sabon zanenta na saƙi da ta ajiye don ranar, mayafinta a lulluɓe tsaf, ta sa kwalli. Wannan ne karo na farko da na ga fuskar Inna sosai, ashe Sa'ade ita ta biyo. Na ɗaga salkar da ke rataye na ji ta da nauyi, da kaɗan aka taɓa ta. Na daɗe ina tsaye da ita a hannu kafin in gane. Ba ta sha ba ne don kada fitsari ya kama ta, ta ja igiya, ta tsayar da mijin 'yarta a hanya ya san abin da za ta fita yi.

Mutanenmu na Madina sun yi mini abin da ba zan iya biya ba. Wani dattijo Basakkwace mai sayar da hula ya shige mini gaba wajen hukuma, matan unguwarsu suka yi mata wanka, aka sallace ta a masallacin Manzo, aka rufe ta a maƙabartar garin. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce, “Kai, wannan baiwar Allah ta dace! Allah ya ba mu irin tata. Kai kuma ka yi mata gata.” Ina cewa amin. Ba wanda ya tambaye ni a ina ta cika, ni ma ban sani ba.

Kafin in miƙa karafan a sansani na tsaya a wani fili da rana tsaka, na shiga na ja ƙofa na kwanta a gadon. Ban kai minti goma ba na fito da rarrafe ina haki. Na ɗauko guduma da kurfi na hau sama. Noti takwas ɗin nan da kwaltar, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama da su. Wakilin kafili da ya karɓi ɗakin ko ɗaga kai bai yi ya dubi rufin ba.

Labari ya riga ni isa Karantina ta bakin direbobi. Na tarar da gida cike da mata. Sai washegari da hantsi muka samu muka keɓe, Sa'ade na zaune a bakin gado tana jijjiga jaririya, idanunta sun kumbura.

Ta ce, “Malam, abu ɗaya nake son ji. Ta ga Madina?”

Tun daga hanya na shirya amsar. Na ce, “Ta gani. A kan tudu na buɗe mata ƙofa, ta hango dabinai da hasumiyoyi. Ta ce, ‘Alhamdu lillahi. Isuhu, ka kawo ni, Allah ya yi maka albarka.’ Daga nan ta koma ta kwanta.”

Hannun da take jijjiga yarinyar da shi ya tsaya.

“Sunanka ta kama?”

Na ce, “Ta kama.”

“Inna?”

Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka kawo ta gidana, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Na jira ta yi kuka, ko ta tambaye ni, ko ta ce in fita. Sai ta sunkuyar da kai ta gyara wa jaririyar zani.

Ta ce, “In mata sun tambaye ka, ka cire sunan. Ba za su yarda ba.”

Na cire. Shekara talatin da ɗaya muka ƙara yi tare, ba ta sake tambayata komai game da hanyar Madina ba, ni kuma har na rufe ta ban samu bakin gaya mata abin da na ji a Musayjid ba.